Maganin Toshe Yoyon Mota: Inda Ya Ke Aiki da Inda Ba Ya Yi

Da kaka ta yi, tsofaffin motoci ba su da hutu. A-kori-kurar ƙungiyar manoma ita ce za ta yi ta jigilar masara daga Jama'a zuwa kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, wani lokaci har Giwa. Ita ce kuma a ke nema in naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, a garzaya da ita asibitin Shika. Wasunsu Peugeot ne ƙirar Kaduna, inda aka fara harhaɗa su a 1975. Motar da ta ga shekaru haka kuwa ba ta rasa yoyo.

In ka je wurin masu sayar da kayan mota, za a nuna maka ƙaramar kwalba, a ce ka zuba kawai, yoyo ya ƙare. Akwai irin su Bar's Leaks na Amurka da Radweld na Ingila. Kuɗinsu bai kai na gyara ba, shi ya sa direba ya kan yi marmarinsu. To, kafin ma'aji ya fid da kuɗin ƙungiya, sai a san abin da ke zuba tukuna. A shimfiɗa takardar siminti a ƙarƙashin mota ta kwana. Da safe za a gani: baƙin mai baƙi ne, ruwan lagireto ya kan zo da launin tsatsa, man giya yana da kauri da wari, man birki kuwa garai-garai ya ke, kusa da taya a ke samunsa.

Maganin lagireto ƙananan ɓarɓashi ne da ke yawo cikin ruwa. In sun iso ɗan rami sai su taru su toshe shi. Dabarar da direbobinmu su ka daɗe suna yi ke nan da ɗanyen ƙwai ko garin barkono, sai dai na kwalba ya fi tsabta. In ramin kamar tsinin allura ne, zai kai ka gida, har ya yi maka 'yan makonni. Amma ɓarɓashin nan ba shi da ido. Cikin lagireto akwai siraran bututu inda ruwa ke bi ya huce, kuma a motocinmu da ke shan ruwan rijiya shekara da shekaru, tsatsa da ƙasa sun riga sun cinye rabin hanyar. Ka zuba kwalba ɗaya, yoyo bai tsaya ba, ka ƙara ta biyu, sai bututun su toshe. Ƙasa ta bushe, kowa ya yi murna, alhali injin yana dafuwa a ciki. Wata rana sai gasket ɗin kan injin ya ƙone da lodi a tsakiyar hanya, kuɗin gyara ya ninka sau da yawa. Tsohon lagireto na tagulla kuwa, mai gyara zai kwance shi, ya zurara bututun, ya liƙe ramin da dalma cikin yini ɗaya. Tiyon da ya tsage da famfon ruwan da ya ci, waɗannan sai dai a canja. Kada kuma a buɗe murfin lagireto injin yana da zafi, tururi ya kan ƙone fuska.

Na baƙin mai aikinsa dabam ne. Yana sa robar da ta bushe ta yi laushi ta ɗan kumbura, ta sake kama ƙarfe. In robar ta yage, ko gasket ya karye, ko kwanon mai ya bugi dutse, asarar kuɗi ce kawai. In kuwa ka zaro ma'aunin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga injin. A ajiye mota, a kira bakanike.

Sai birki. Nan babu maganin zubawa ko kaɗan, duk abin da mai kanti zai faɗa. Birki da matsin mai ya ke aiki, ɗigon da ka raina yau shi ne zai fashe ranar da ka taka da ƙarfi, da buhu ashirin a baya da mutane a kansu. Wasu in man birki ya ƙare su kan cika da baƙin mai ko ruwan sabulu. Baƙin mai yana kumbura robobin birki ya lalata su duka, ruwa kuma yana tafasa in birki ya yi zafi, ƙafa ta tafi har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Robobin birki ba su da tsada, a canja su ranar da aka ga ɗigon.

Shawarata ga ƙungiyoyi ita ce, a ajiye kwalba ɗaya ta lagireto a mota da galan na ruwa domin hanyar daji. Ranar da direba ya zuba ta, ya gaya wa sakatare ya rubuta a littafi, kuma a kai motar gareji kafin ranar kasuwa ta zagayo.