Waƙa, Talabijin da Alfahari da Asali a Zangunan Hausawa

Waƙoƙin zamani da shirye-shiryen talabijin masu kiran mutum ya karɓi kansa yadda Allah ya yi shi, ya daina jin kunyar launinsa ko asalinsa, sun samo ƙarfinsu ne daga gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka. A 1968 James Brown ya fitar da waƙar da ta kira baƙar fata ya ɗaga murya ya yi alfahari da baƙinsa, sannan a shekarun 1970 salon hip-hop ya taso daga unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'ya'yan talakawa suka mayar da sunan unguwarsu abin kirari. Daga baya talabijin ya bi sahu. Shirin Ramy na 2019 ya ba da labarin saurayi Musulmi ɗan asalin Masar a Amurka, a 2022 kuma Ms. Marvel ya sa yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan ta zama jarumar labari.

Bahaushen Kano ko Damagaram ba ya bukatar wanda zai lallashe shi ya yarda da Hausancinsa, domin da shi ake ciniki a kasuwa, da shi ake wa'azi, da shi sarki yake magana. Wanda lamarin ya shafa kai tsaye shi ne wanda aka haifa a Akara, ko Gadarif ta Sudan, ko Makka, inda ake iya tambayarsa daga ina ya zo alhali kabarin kakansa yana cikin garin.

A Sudan an ga irin wannan alfahari da asali tun kafin waƙar Amurka ta iso. Hausawa da Fulani sun daɗe suna zama a kan hanyar aikin hajji, kuma yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Blue Nile. Da guminsu aka noma audugar Jazira, amma sunayen da ake kiransu da su, Fallata da Takari, sun daɗe suna ɗauke da raini a bakin wasu Larabawan ƙasar. Cikin wannan hali A'isha Musa Ahmad ta taso. An haife ta a Kassala a 1905, 'yar malami ce mai asali daga Afirka ta Yamma, ta fara da waƙa a gidajen biki, a farkon shekarun 1940 kuma ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Omdurman. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Sunan da ƙasar gaba ɗaya ta san ta da shi shi ne A'isha al-Falatiya. Ba ta ɓoye asalinta don a saurare ta ba, sai ma masu sauraro suka saba da furta shi da girmamawa.

A Saudiyya ma zuriyar mahajjatan da suka zauna suna ɗauke da sunan Hausawi. Mawaƙiya Itab, wadda ta rayu daga 1947 zuwa 2007 kuma ta yi tashe har Masar, daga cikinsu take, haka kuma Usama Hausawi da duniya ta gani a talabijin yana jagorantar 'yan wasan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Labarin Ghana ya fi kusa da na Amurka, domin can ne hip-hop ya shiga zango sosai. Zangunan Kumasi, Salaga da Akara sun samo asali ne daga fataucin goro da aikin soja a zamanin Turawa. Mazaunansu ƙabilu ne iri-iri, Dagomba da Mosi da Zabarma da Kotokoli da sauransu, amma Hausa ce ta haɗa su. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, kuma zanguna ne suka fi jin zafin wannan doka. Bayan nan, a ce wa mutum ɗan zango ya zama kamar a ce masa baƙo, marar ilimin boko, mai neman faɗa. Ƙungiyar VIP, samarin da suka taso a unguwar Nima ta Akara, ta taimaka wajen juya wannan. Sun cuɗa Hausa da Twi da Turanci a salon hiplife, waƙarsu Ahomka Womu ta 2003 ta game ƙasar, kuma ba su daina ambaton Nima ba. Kusan shekara ashirin bayan haka, Black Sherif, wanda sunansa na yanka Mohammed Ismail Sherif, ya sanya wa wata waƙa a kundinsa na 2022 sunan unguwar da ya tashi, Konongo Zongo, a 2023 kuma aka ba shi kyautar gwarzon mawaƙin shekara na Ghana. Yaron zango da a da yake sassauta murya idan zai faɗi unguwarsu a makaranta, yanzu yana jin dubban mutane suna rera sunanta.

Talabijin da intanet sun yi wani aiki daban: sun kai Hausar gida har ɗakin wanda ke nesa. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014 daga Kano, tana watsa shirye-shirye da Hausa dare da rana, kuma ana kallon Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina a Kumasi da Yawunde da Jidda da Landan ta tauraron ɗan Adam da YouTube. Ga yaron da Hausarsa ta tsaya a gaisuwa da aike, ganin lauya da likita da ɗan jarida suna aikinsu da ita ba ƙaramin abu ba ne. Ranar Hausa ta Duniya, da ake yi kowace 26 ga Agusta tun 2015, ta samu karɓuwa a Ghana da sauran ƙasashe ta wannan hanya. Sai dai labaran kusan duka na ƙasar Hausa ne. Da wuya a ga fim da jarumarsa 'yar Sabon Zango ta Akara ce ko 'yar Gadarif, mai magana da karin harshen garinsu, ba tare da an mayar da karin abin dariya ba. Wannan giɓi ne babba, domin ɗan ƙetare yakan sha gori sau biyu: a can a ce masa baƙo, a gida a ce Hausarsa ta gurɓace.

Akwai kuma saɓani tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman a Turai da Amurka. Saƙon karɓar kai a waƙoƙin Yamma ya ginu ne a kan mutum shi kaɗai, kuma, kamar a wata waƙar Lady Gaga ta 2011, ya haɗa har da batun jinsi da sha'awa, abin da mafi yawan iyaye Musulmi ba su amince da shi ba. Tarbiyyar Hausa kuwa tana auna mutum da kunya da kara da mutuncin gidansu. Iyayen da suka rufe talabijin gaba ɗaya sukan rasa abin da zai ƙarfafa yaron da ake yi wa dariya saboda sunansa ko yarinyar da ake yi wa saboda hijabinta. Waɗanda suka zauna suka kalla tare da 'ya'yan, suka bambance masu abin ɗauka da abin bari, su suka fi cin riba.

Waƙa tana da iyaka. A Yulin 2022, bayan Hausawan jihar Blue Nile sun nemi a ba su masarauta tasu, rikici ya ɓarke tsakaninsu da wasu ƙabilun yankin, aka kashe fiye da mutum 100, a Oktoba kuma aka sake kashe kimanin 200 a yankin Wad al-Mahi. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta shafe shekara tamanin tana sauraron A'isha al-Falatiya. Mawaƙa da 'yan fim sun rage wa ɗan zango jin kunyar asalinsa, amma haƙƙin gona da takardar zama ɗan ƙasa da kujerar sarauta a hannun hukuma suke, kuma a wurare da dama har yau Hausawan ƙetare ba su same su cikakku ba.