Waya na caji amma kwamfuta ba ta ganin ta: Abin da ya kamata a duba kafin a kai ta wurin filashin

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su rufe layukansu a faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnan wancan lokaci, Bello Matawalle, wanda ya ce matakin zai taimaka wa jami'an tsaro a yaƙin da suke yi da 'yan bindiga. Da farko an ce mako biyu ne. Birnin Gusau bai samu sabis ba sai ranar 1 ga Oktoba, mafi yawan sauran ƙananan hukumomi kuwa sun jira har zuwa ƙarshen Nuwamba.

A waɗannan makonni babu WhatsApp, babu imel, babu Google Drive. Ɗalibin da aikinsa na makaranta ke cikin waya, da ɗan kasuwar da ya ɗauki hoton rasitai, da ma'aikacin da ke son buga takarda, duk sun koma ga tsohuwar hanya: a haɗa waya da kwamfuta da kebul. Hanyar kuwa tana da nata halin. Sai a jona wayar, alamar caji ta fito, amma kwamfutar ta yi shiru kamar ba a sa mata komai ba, manhajar da ke daidaita bayanai tsakanin na'urorin biyu ta ci gaba da cewa ba ta ga waya ba.

Sabis ya dawo tuntuni, matsalar ba ta tafi ba. Kuma a Zamfara tana da tsada fiye da wasu wurare. Mutumin Tsafe da zai kai wayarsa Gusau dole ya hau hanyar Funtua zuwa Gusau, wadda ta sha fama da tare matafiya. Na Bungudu ya fi kusa, amma shi ma zai biya kuɗin mota da na gyara. Abin da ya fi wannan muni shi ne maganin da ake yawan fara bayarwa a teburin masu gyara, wato filashin, shi kaɗai ne matakin da ba a iya janyewa. A mafi yawan lokuta bayanan da ke cikin wayar lafiyarsu ƙalau. Hanyar da za su bi su fito ce ta toshe.

Caji daban, bayanai daban

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa tunda waya na caji, to kebul ɗin lafiya yake. Kebul ɗin USB na yau da kullum yana da siraran wayoyi huɗu a cikinsa. Biyu na ɗaukar wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Yawancin kebul masu arha, da waɗanda ke zuwa tare da tocila ko ƙaramar rediyo ko fawa banki, biyun wuta kawai aka sa musu. A ido babu bambanci. Irin wannan kebul zai cika batir, amma ko shekara za a yi ba zai nuna wa kwamfuta hoto ɗaya ba. Haka kuma kebul mai kyau da ya sha lanƙwasa a aljihu yana iya tsinkewa ta ɓangaren bayanai, ɓangaren wuta ya ci gaba da aiki.

Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. A aro kebul ɗin da aka tabbatar wani ya taɓa kwashe hotuna da shi, a gwada. Ko kuma a jona wata wayar da kebul ɗin da ake zargi. Idan ita ma ba ta bayyana ba, an gano mai laifi.

Bayan kebul sai kafar cajin wayar. Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a cikin ramin, su dunƙule, har bakin kebul ya kasa shiga ƙarshe. Sai a kashe wayar, a haska ramin, a fitar da dattin a hankali da tsinken sakace na itace ko roba. Allura da fil ba su dace ba, domin ƙarfe ne, suna iya haɗa ƙafafun da bai kamata su haɗu ba. Wayoyi masu tsohuwar kafa ta micro-USB sun fi saurin lalacewa, musamman waɗanda kullum ake kai su shagon caji ana cusa musu kebul iri-iri. Akwai kuma abin da masu waya ba su cika sani ba: idan an taɓa canza kafar caji, mai yiwuwa ne mai gyaran ya liƙa ƙafafun wuta da kyau amma na bayanai ba su kama ba, shi kuma da ya ga caji ya shiga sai ya ce aiki ya kammala. Wanda matsalarsa ta fara bayan irin wannan gyara, nan ya kamata ya fara tuhuma.

A ɓangaren kwamfuta, a sauya kafa. Idan ta tebur ce, kafofin baya sun fi na gaba tabbas. A cire duk wani abin raba kafa, a jona kai-tsaye.

Wayar ce ke ƙin buɗe ƙofa

Idan kebul da kafa sun tsira, sai a koma kan allon wayar, domin sau da yawa ita ce da kanta ke hana kwamfutar shiga, kuma da gangan aka gina ta haka.

Tun daga Android 6.0, wadda ta fito a 2015, duk wayar da aka jona da kwamfuta tana farawa ne da caji kaɗai. Sai mai ita ya buɗe makullin allo, ya jawo sanarwa daga sama, ya taɓa wadda ke maganar USB, sannan ya zaɓi “File transfer”, ko “MTP” a wasu wayoyin. Kafin a yi haka, kwamfuta ko dai ba za ta nuna komai ba, ko ta nuna sunan wayar amma cikinta wayam. Wannan babban fayil da ke fitowa fanko ya sa mutane da dama sun ɗauka kayansu sun goge, alhali allon ne kawai a kulle. A cikin jerin zaɓin akwai “PTP”, wanda ke gabatar da wayar a matsayin kyamara. Hotuna kaɗai yake nunawa, amma yana da amfani wajen gwaji: idan PTP ya yi aiki MTP ya ƙi, to kebul da kafa ba su da laifi, matsalar tana cikin kwamfuta.

Ita ma iPhone tana da nata mai gadi. Tun daga iOS 7 a 2013 takan tambaya ko an amince da wannan kwamfuta. Wanda ya taɓa “Don't Trust” cikin gaggawa ya rufe ƙofa da hannunsa. Yawanci cire kebul da mayar da shi yana dawo da tambayar. Idan ba ta dawo ba, a shiga saiti a zaɓi “Reset Location & Privacy”, wanda ba ya goge hoto ko saƙo. A nan sai an buɗe ido sosai, domin a kusa da shi ne zaɓin da ke share wayar gaba ɗaya yake. Sannan daga iOS 11.4.1 a 2018, idan iPhone ta yi sa'a guda a kulle, kafarta takan daina karɓar bayanai har sai an buɗe ta.

Idan laifin kwamfuta ne

A nan akwai bambancin da ke rage wahala. Kwamfuta ta ƙi ganin waya abu ne guda, manhajar daidaitawa ta ƙi ganin ta wani abu ne daban. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, waɗanda suka cika hannun jama'a a Arewa, ba sa buƙatar wata manhaja ta musamman kafin a kwashe hotuna da takardu. Idan wayar ta bayyana a File Explorer na Windows, an gama: a buɗe, a kwafa. Hotunan kyamara suna cikin DCIM. Na WhatsApp kuwa, a wayoyi masu Android 11 zuwa sama, sun koma cikin Android, sannan media, sannan com.whatsapp, abin da ke sa wasu su neme su a tsohon wuri su rasa.

Idan ba ta bayyana ba, Device Manager ne zai faɗi gaskiya. A buɗe shi, a jona wayar, a lura ko jerin ya motsa. In bai motsa ba sam, a koma kan kebul da kafa. In wani suna ya fito da alamar motsin rai ruwan ɗorawa, to direba ce, wato ƙaramar manhajar da ke yi wa Windows tafinta da na'urar. Sai a cire ta daga jerin, a zare wayar, a sake kunna kwamfutar, a mayar. In ta ƙi, a zaɓi sabunta direba da hannu a ɗauki “MTP USB Device”. Tsofaffin kwamfutocin shagunan buga takardu, masu Windows 7 da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020, sun fi fama da wannan. Haka ma nau'in Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa, wanda aka yi domin kasuwar Turai kuma yakan biyo kwamfutocin gwanjo: ba ya gane MTP sai an ƙara masa Media Feature Pack.

Masu Samsung da ke riƙe da tsohuwar manhajar Kies su sani ba ta aiki da sababbin wayoyi, Smart Switch ce ta gaje ta. Masu iPhone a Windows kuwa, iTunes ta dogara ne da wani aiki da ke gudana a ɓoye mai suna Apple Mobile Device Service. Idan ya tsaya, wayar za ta yi caji amma iTunes ba za ta gan ta ba, sai an sake tayar da shi ko an sake girka manhajar. A 2024 Apple ta fitar da Apple Devices domin wannan aiki a Windows, a Mac kuma Finder ce ke yi tun 2019. Duk wadda aka yi amfani da ita, kalmar “Restore” ba gyaran haɗi take nufi ba. Mayar da waya sabuwa take nufi.

Akwai shawarar da ta yawaita a bidiyoyin intanet, cewa a taɓa “Build number” sau bakwai a kunna “USB debugging”. Wasu manhajojin daidaitawa suna buƙatarsa, amma kwafar fayil ba ta buƙata. Kofa ce ta masu ƙera manhaja, tana ba kwamfutar da aka amince da ita iko mai faɗi a kan wayar. Wanda ya kunna ta a kwamfutar shago, ya kashe ta kafin ya tashi, ya kuma soke amincewar da ya bayar.

Abin da filashin ke yi

Filashin shi ne sake zuba wa waya manhajar da ke tafiyar da ita. Yana da ranarsa, kamar wayar da ta maƙale a tambarin kamfani ta ƙi wucewa. Amma wayar da ke kunnuwa, tana kira, tana caji, kwamfuta ce kawai ba ta ganin ta, ba ta cikin wannan sahu. Hasali ma shi kansa filashin ta kebul da kafar nan yake bi, don haka idan kafar ce ta mutu ba zai shiga ba, idan kuma ya shiga, ya tabbatar da cewa hanyar bayanai a buɗe take tun farko.

Asarar kuma ba ta dawowa. Duk wayar da ta fito daga kamfani da Android 10 zuwa sama, bayananta a rufe suke da mabuɗin sirri, haka ma iPhone. Idan aka share wayar, mabuɗin ne ke tafiya, abin da ya rage a ciki ya zama tarkacen da ba ya karantuwa. Alƙawarin cewa za a dawo da hotuna bayan filashin, a irin waɗannan wayoyi, ba shi da tushe sai idan akwai ajiya a wani wuri tun da farko.

Don haka kafin a miƙa waya, a fitar da kayan ta wata hanya. Idan tana karɓar memori, a kwafa a ciki a zare. Idan kafar na aiki, ƙaramin mahaɗin OTG zai ba da damar jona filas kai-tsaye ba tare da kwamfuta ba. Idan allon ne ya daina jin taɓawa amma yana nuna hoto, ana iya jona linzamin kwamfuta ta OTG a buɗe makullin da shi. Idan kuwa kafar ta mutu ɗungurungum, Xender da Quick Share da Bluetooth suna tura fayil daga na'ura zuwa na'ura ba tare da data ko sabis ba.

Batun ya wuce hotunan biki. A yankin da mutane ke ajiye hotunan ɓarnar hari, da muryoyin masu neman kuɗin fansa, da lambobin waɗanda suka taimaka wajen ceto ɗan'uwa, wayar da aka bari a buɗe a teburin wani tana iya jefa mai ita da wasu cikin haɗari, musamman inda zargin kai wa 'yan bindiga ko jami'an tsaro rahoto ke iya cin rai. Canza kafar caji ba ya buƙatar lambar sirrin waya. Idan mai gyara ya ce zai gwada ko kwamfuta na ganin ta, mai wayar ya buɗe da hannunsa, ya tsaya a wurin, a zare kebul a gabansa, sannan ya duba ko an bar “USB debugging” a kunne.