Me ya sa maleriya ke dawowa idan aka yanke shan magani a rana ta biyu?

Mutane da yawa kan ajiye maganin zazzaɓin cizon sauro da zarar jiki ya yi sanyi, su adana sauran ƙwayoyin don wata rana. Bayan mako biyu ko uku sai ciwon ya dawo, a ce maganin jabu ne.

Sau da yawa ba laifin maganin ba ne. Dalilin yana cikin wani lissafi da masana harhaɗa magunguna ke amfani da shi, wanda za a iya kira "rabin wa'adi", wato tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin maganin da ke cikin jini ya ragu zuwa rabi.

A kowane zango, rabin abin da ya saura ne ke fita. Idan aka fara da kashi 100, zai koma 50, sannan 25, sai 12.5. A zango na biyar kusan kashi 3 ne kacal ke saura.

Maganin Coartem da ire-irensa haɗin magunguna biyu ne masu bambancin hali. Artemether yana kashe ƙwayoyin cutar da sauri, amma rabin wa'adinsa bai wuce kimanin awa 2 ba, don haka cikin awa 10 ya kusa ƙarewa a jini. Shi ne ke kawo sauƙin nan mai yaudara.

Lumefantrine kuwa rabin wa'adinsa kwana 3 zuwa 6 ne. Kowane sha yana tarar da na baya bai fita ba, sai ya taru har ya isa ya share ƙwayoyin da suka tsira. Shi ya sa ake shan maganin sau 6 cikin kwana 3, tare da madara ko abinci mai maiƙo, domin maiƙo na taimaka wa hanji ya tsotse shi.

Wanda ya tsaya a sha na uku ya bar ragowar ƙwayoyin cuta da ɗan maganin da bai isa kashe su ba, kuma a irin wannan hali ne masu taurin kai cikinsu ke samun damar yaɗuwa. Tuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ɓullar ƙwayoyin da suka fara jure wa dangin artemether a Rwanda da Uganda.