Farautar Yara 'Yan Baiwa a Wasan Football Manager

Duk wanda ya taɓa karɓar ragamar ƙaramin kulob a wasan kwamfuta na Football Manager ya san inda gizo ke saƙar. Shugabannin kulob za su ba ka kuɗin cefane da bai kai albashin wata guda na babban ɗan wasa ba, sannan su ce suna son ka hau rukuni na gaba cikin kaka biyu. Ba ka da halin sayen wanda ya riga ya yi suna. Abin da ya rage maka shi ne ka riga kowa gano yaro ɗan shekara sha shida ko sha bakwai, wanda har yanzu kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka raine shi har ya zama gwarzo, ko dai ya ɗaukar maka kofi ko ka sayar da shi da riba mai tsoka. Wannan farauta ce ke hana miliyoyin mutane barci a faɗin duniya, fiye ma da wasannin da ake bugawa a fili.

A wannan wasa ba ka taɓa ƙwallo da kanka. Kai koci ne: ka tsara 'yan wasa, ka ɗauki ma'aikata, ka yi ciniki, ka amsa tambayoyin 'yan jarida. Asalinsa wasu 'yan'uwa biyu ne 'yan Ingila, Paul da Oliver Collyer, suka rubuta shi a ɗakinsu, ya fito a 1992 da sunan Championship Manager. Kamfaninsu, Sports Interactive, ya rabu da kamfanin da ke fitar musu da wasan a 2003. Sunan ya zauna a wancan ɓangare, su kuwa suka tafi da abin da ya fi suna daraja, wato rumbun bayanan 'yan wasa. A 2004 suka dawo da sabon suna, Football Manager, a ƙarƙashin kamfanin Sega na Japan.

Wannan rumbu shi ne zuciyar al'amarin. Masu bincike sama da dubu ne a ƙasashe fiye da hamsin suke cika shi, galibinsu magoya bayan kulob ne da ke zuwa kallon wasan 'yan ƙasa da shekara 18 ko da ruwa ake tsugawa. Kowane ɗan wasa ana ba shi maki daga 1 zuwa 20 a kan abubuwa da dama: gudu, ba da ƙwallo, iya yanka, ƙarfin jiki, natsuwa a gaban raga, hangen fili. Waɗannan kana iya ganinsu. Amma a ƙarƙashinsu akwai lambobi biyu da wasan ke ɓoye maka, kowacce daga 1 zuwa 200. Ta farko tana auna inda ɗan wasa yake a yau. Ta biyu kuwa ita ce iyakar inda zai iya kaiwa, komai horon da ya sha. Yaron da lambarsa ta biyu ta haura 170 yana iya zama cikin fitattun duniya. Wanda aka rubuta wa 110 kuwa, ko ka kai shi Real Madrid, a nan zai tsaya.

Ga yaran da ba a gama sanin kansu ba, masu binciken sukan ba da zango maimakon lamba ɗaya tak. Wanda aka sa wa mafi girman zango zai faɗa tsakanin 170 da 200, wani zangon kuma tsakanin 150 da 180, kuma kwamfuta ce ke zaɓar lambar a duk lokacin da aka fara sabon wasa. Shi ya sa za ka ji abokai biyu suna musu: yaron da ya zame wa ɗaya zakara, a wurin ɗayan ya ƙare a benci.

Tunda lambar a ɓoye take, sai ka dogara da masu farautar 'yan wasa da ka ɗauka aiki. Su ma suna da nasu makin, musamman biyu: iya gane ƙwarewar ɗan wasa ta yanzu, da iya hango inda zai kai. Bari mu ce ka tura ɗaya daga cikinsu Sabiya. Bayan mako biyu sai rahoto ya shigo a kan wani ɗan wasan tsakiya mai shekara 17. Wajen ba da ƙwallo ba a rubuta 13 ba, an rubuta 10 zuwa 15. Natsuwarsa ma babu komai a gurbin, alamar tambaya ce. Mafaraucin ya ba shi tauraro biyu na yanzu, huɗu da rabi na gaba, ya ƙara da cewa yana jin daɗin manyan wasanni amma akwai alamar yawan jin rauni. Kuɗinsa bai kai fam miliyan ɗaya ba. Idan ka ce a ci gaba da kallonsa, lambobin za su riƙa tsukewa har su zama tabbatattu, amma kafin nan wataƙila wani kulob na Jamus ya shigo zawarcinsa. Idan ka yi gaggawa, kana iya zuba rabin kuɗin shekararka a kan yaron da zai ƙare a ɗakin likita. Tamkar sayen ɗan maraƙi ne a kara: kana duban ƙafa da ƙirji, kana ƙiyasta bijimin da ba a gani ba tukuna.

Akwai kuskuren da sababbin shiga ke yawan yi game da taurarin nan. Ba ma'aunin duniya ba ne, ana auna su ne da 'yan wasan da kake da su a kulob ɗinka. Tauraro biyar a ƙaramin kulob na rukuni na huɗu a Ingila yana iya zama tauraro biyu a Manchester City. Haka kuma mafarauci mai rauni yakan ruɗu da yaron da jikinsa ya girma da wuri, ya cika shi da taurari, alhali ya kusa kai iyakarsa.

Tsofaffin hannu ba sa watsa ma'aikatansu ko'ina. Suna bin wuraren da ake samun yara masu kyau da araha, kuma abin sha'awa shi ne taswirar tasu ta yi daidai da ta kasuwar gaske. Dinamo Zagreb a Kuroshiya, Partizan da Red Star a birnin Belgrade, Envigado ta Kolombiya inda James Rodríguez ya fara, ASEC Mimosas ta Abijan. Akwai Independiente del Valle ta ƙasar Ikwado, inda Brighton ta ɗauko Moisés Caicedo a 2021 kan kuɗin da bai kai fam miliyan biyar ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 kan fam miliyan 115. Akwai FC Nordsjælland ta Denmak, mai alaƙa da makarantar Right to Dream ta Gana, hanyar da Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Akara, ya bi har zuwa Ajax da West Ham. Wata dabarar kuma ita ce duba jerin 'yan wasan ƙasashe na 'yan ƙasa da shekara 19 da 20: idan ka ga ɗan shekara 16 a tsakanin waɗanda suka girme shi da shekara uku, da walakin. Sannan kowace shekara, a watan Maris ga yawancin ƙasashen Turai, wasan yana ƙirƙiro sababbin yara na ƙage don maye gurbin masu ritaya. Bayan kaka goma ko sha biyar, babu wani jerin sunaye na intanet da zai taimake ka, domin yaran da ke cikin wasanka babu su a na kowa.

Gano yaro ba shi ne mallakarsa ba, domin wasan ya kwaikwayi dokokin gaske. Dokar FIFA ta hana ɗan ƙasa da shekara 18 sauya kulob daga wata ƙasa zuwa wata, sai a wasu 'yan yanayi, kamar tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai inda aka yarda daga shekara 16. Dalilin da ya sa ke nan Real Madrid ta kammala cinikin Endrick da Palmeiras a Disambar 2022, amma bai iso ba sai a Yulin 2024 da ya cika 18. Idan kulob ɗin Ingila kake riƙe da shi, tun daga 2021 da ƙasar ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai, akwai ƙarin wahalar takardar izinin aiki da ake bayarwa bisa maki. A Sifaniya kuwa kowane kwantiragi yana da farashin fansa, wanda idan ka biya, kulob ba shi da ikon hana ka magana da ɗan wasan.

A ganina, abin da wasan ya fi dacewa a kai shi ne abin da ke faruwa bayan an sa hannu. Lambar nan ta biyu iyaka ce kawai, babu alkawarin cewa yaro zai kai gare ta. Abin da ke kai shi can halayensa ne: naci, riƙon sana'a da gaskiya, buri, juriyar matsin lamba. Wasu daga cikin waɗannan ma a ɓoye suke, sai dai ka tsinkayo su daga yadda rahoto ya siffanta shi. Yaro mai 150 da ke zuwa atisaye da wuri yakan wuce mai 180 da ke son hutu. Bayan hali sai damar buga wasa. Da zarar ya haura 18, atisaye kaɗai ba ya isarsa, dole ya riƙa shiga fili a matakin da zai gwada shi. Wanda ya tara yara ashirin 'yan baiwa ya jibge su a ƙungiyar matasa, ya kashe kuɗinsa kuma ya kashe su. Gara ka ba da shi aro ga kulob ɗin da ya yi alkawarin sa shi a sahun farko, ko ka haɗa shi da dattijon ɗan wasa mai kyawun hali ya riƙa jan sa a jiki.

Ingancin bayanan ya sa har masu sana'ar gaske suka waiwayo. Everton ta ƙulla yarjejeniyar amfani da rumbun a 2008, kuma a 2014 kamfanin Prozone ya shigar da shi cikin manhajar da kulob-kulob ke neman 'yan wasa da ita. Alex McLeish ya ba da labarin yadda ɗansa ya ba shi shawarar wani yaro mai suna Lionel Messi lokacin yana kocin Rangers, bayan ɗan nasa ya gan shi a wasan. Ben Brereton kuwa, masu wasan ne suka lura a bayanansa cewa yana da jinin Chile ta wajen uwa, suka yi ta kiraye-kiraye har ƙasar ta gayyace shi ya buga mata gasar Copa América a 2021.

Sai dai rumbun mutane ne ke cika shi, kuma hasashensu yakan sauka a kan yara masu jini a jika. An taɓa samun mai bincike a Fotugal da ya cusa ɗan wasan da babu shi a duniya, Tó Madeira, a fitowar kakar 2001/02, mutane suka yi ta cin kofuna da shi. Wannan bai cutar da kowa ba. Na Cherno Samba daban ne. Haifaffen Gambiya ne da ya taso a Landan, yana matashi a Millwall wasan ya mayar da shi maciyin ƙwallo mafi haɗari a duniya. A zahiri cinikinsa zuwa Liverpool ya wargaje, ya yi ta yawo daga Cádiz zuwa Plymouth da wasu ƙananan kulob, kuma daga baya ya fito ya faɗi irin ciwon damuwar da ya yi fama da shi. Haka ma Freddy Adu, haifaffen Tema a Gana, ya fara buga wa DC United ta Amurka a 2004 yana ɗan shekara 14, duniya ta ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfin kowane yaro.

Mu ma muna da namu. Haruna Babangida, ɗan Kaduna, ƙanen Tijjani Babangida, tsohon ɗan wasan Ajax, yana da shekara 15 lokacin da Louis van Gaal ya sa shi a wasan sada zumunta na babbar ƙungiyar Barcelona a 1998. A Championship Manager na farkon shekarun 2000, duk wanda ya san kan wasan yana rububin sayensa. A fili kuwa ƙofar babbar ƙungiyar ba ta buɗe masa ba, ya wuce Metalurh Donetsk, ya buga wa Olympiacos ta Girka, ya zaga ƙasashe da dama. Ina jin zafin yadda ake kiran irinsu waɗanda suka gaza. Mutumin da ya tashi daga Kaduna ya yi shekaru yana cin abinci da ƙwallo a Turai ya cim ma abin da dubban yara ke mafarki. Lambar da wani ya rubuta masa yana ɗan shekara sha bakwai ce ta yi kuskure, kuma a rayuwar gaske babu irin wannan lamba a jikin kowa: rauni ɗaya, sauyin koci, kaɗaicin baƙunta ko dillali maras amana sun isa su juya komai.

Akwai kuma giɓin da mai wasa daga ƙasar Hausa zai lura da shi nan da nan. Shekara da shekaru, har zuwa Football Manager 2024, gasar Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyar da za ka iya jagorantar kulob a cikinta ba tare da ƙarin fayil ba. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma yaranta ba sa samun cikakken kulawa a rumbun sai sun haskaka a irin wannan gasa ko sun taka Turai. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010, kuma irinsa nawa ne suke buga wasa a filayen unguwa ba tare da kowa ya rubuta sunansu ba? Masu sha'awa sukan yi amfani da manhajar gyara da ke zuwa tare da wasan su ƙirƙiri fayil ɗin gasar Nijeriya su raba wa jama'a kyauta, ta yadda mutum zai iya riƙe Kano Pillars ko Katsina United ko El-Kanemi Warriors. Ingancin irin wannan fayil ya dogara ne a kan wanda ya haɗa shi, kuma wanda zai fi iya auna ɗan wasan baya na Wikki Tourists shi ne mutumin da ke zuwa kallonsa a Bauci duk mako.