Rikicin Ruwan Kogin Kaberi: Yadda Jihohin Indiya Biyu Suka Daɗe Gaban Shari'a

Kogin Kaberi ya samo asali ne daga tsaunukan Kodagu da ke jihar Karnataka a kudancin ƙasar Indiya, ya ratsa jihar Tamil Nadu, sannan ya faɗa teku bayan tafiyar kilomita kusan 800. A kansa manoman shinkafa na yankin Tanjabur suka dogara, haka kuma manoman rake na gundumar Mandya da mazauna birnin Bengaluru, cibiyar kamfanonin kwamfuta na ƙasar. Wannan ne ya sa rabon ruwansa ya zama ɗaya daga cikin shari'o'i mafi daɗewa a Indiya.

Tushen saɓanin yana cikin yarjejeniyoyi biyu na zamanin mulkin Ingila, wato ta 1892 da ta 1924, tsakanin lardin Madras da masarautar Maisur. Yarjejeniyar 1924 ta ba Maisur damar kammala madatsar Krishna Raja Sagara, Madras kuma ta gina madatsar Mettur wadda aka gama a 1934, tare da sharaɗin za a iya sake duba wasu sassan bayan shekara 50. Da wa'adin ya cika a 1974, Karnataka, magajiyar Maisur, ta ce yarjejeniyar ta mutu, domin an ƙulla ta ne lokacin da Madras ke da rinjaye. Tamil Nadu kuwa ta ce manomanta sun riga kowa amfani da ruwan tun shekaru aru-aru, saboda haka haƙƙinsu bai gushe ba. Ana cikin haka Karnataka ta gina sababbin madatsai a kan rassan kogin, kamar Kabini da Hemabati da Harangi.

Tsarin mulkin Indiya, a sashe na 262, ya ba majalisar tarayya ikon tsara yadda za a warware irin wannan saɓani, kuma a kan haka aka yi dokar 1956. To amma sai a watan Yunin 1990, bayan Kotun Ƙoli ta ba da umarni, gwamnatin tarayya ta kafa kotu ta musamman kan Kaberi. A 1991 kotun ta yanke hukuncin wucin gadi cewa Karnataka ta riƙa sakin ruwa ma'auni 205 a shekara. Ma'aunin da suke amfani da shi ana kiransa TMC, kowane ɗaya kuma ya haura lita biliyan 28. Karnataka ta yi doka don ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli ta rushe dokar, kuma a watan Disambar wannan shekara tarzoma ta ɓarke a Bengaluru, aka yi asarar rayuka da dukiya.

Hukuncin ƙarshe bai fito ba sai ranar 5 ga Fabrairun 2007. Kotun ta ƙiyasta ruwan kogin a kan ma'auni 740 a shekarar da damina ta yi daidai. Ta ba Tamil Nadu 419, Karnataka 270, Kerala 30, Puduceri 7, ta ware 14 domin muhalli da abin da zai kwarara teku. Jihohin suka ɗaukaka ƙara. Ranar 16 ga Fabrairun 2018 Kotun Ƙoli ta ƙara wa Karnataka ma'auni 14.75, bisa la'akari da ruwan ƙarƙashin ƙasa da Tamil Nadu ke da shi da kuma buƙatar ruwan sha a Bengaluru. Abin da Karnataka za ta riƙa saki ya sauka daga 192 zuwa 177.25. Kotun ta ƙara da cewa kogin da ya ratsa jihohi dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, babu jihar da za ta ce nata ne ita kaɗai. A wannan shekara aka kafa hukumar da ke sa ido kan sakin ruwan.

Duk da haka rigimar ba ta kwanta ba, dalilin kuwa shi ne damina. Yawancin ruwan kogin yana sauka ne a ɓangaren Karnataka tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da manoman Tamil Nadu ke buƙatarsa don shukar farko, alhali babbar daminarsu sai Oktoba zuwa Disamba. Hukuncin ya ce idan an yi ƙarancin ruwa kowa ya ɗauki rabonsa na asara, amma bai fayyace lissafin da kowa zai yarda da shi ba. Shi ya sa a shekarun fari ake komawa kotu. A watan Satumbar 2016 an ƙona motocin safa da dama a Bengaluru, kamfanoni suka rufe ofisoshi, sufuri tsakanin jihohin biyu ya tsaya cik. A Satumbar 2023 ma an yi yajin gama-gari a Karnataka kan wannan batu.

Ga mai zuba jari a noma ko sarrafa amfanin gona, abin lura shi ne yawan ruwan da ke rubuce a hukunci na shekarar wadata ne. Kamfanin sukari a Mandya ko mai casar shinkafa a Tanjabur ba ya sanin abin da zai samu sai ya ga yadda madatsai suka cika a watan Agusta. Akwai kuma sabon saɓani kan shirin Karnataka na gina madatsa a Mekedatu domin ruwan shan Bengaluru da wutar lantarki, wanda Tamil Nadu ta ƙi amincewa da shi bisa tsoron zai rage ruwan da ke isa madatsar Mettur.