Jini da bashi, daga Amurka zuwa Gidan Rumji

A Amurka, wanda bashi ya yi wa katutu yana iya zuwa wata cibiya sau biyu a mako, inji ya tace ruwan jininsa, watau falasma, ya maido masa jajayen ƙwayoyin, a biya shi. Cinikin ya taɓa jawo masifa: a lardin Henan na ƙasar Sin, cikin shekarun 1990, dubban manoma sun kamu da cutar sida ta wannan hanya.

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji babu irin wannan kasuwa, kuma tun 1975 hukumar OMS ta yi kira da jini ya zama kyauta. Amma a nan ma bashi na biye da jini. Daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya shanye jinin yara, likita kan nemi dangi su bayar. Sai uba ya ɗauko ƴan'uwa daga ƙauye, ya biya mota da abinci da kuɗin da ya ranto bisa geron da bai ko nuna ba. Ran girbi, ɗan kasuwa ke fara auna tiyoyinsa.