FIJO MAI DOGON BAYA A TAFIN HANNU

Babu wani daga cikin masu karatunmu, in dai a ƙasar nan ya yi ƙuruciya, wanda bai taɓa jan motar kara ko ta langa-langa ba. Yaro ya samo kara ya fere, ya yanko tsohon silifa ya yi taya, ya ɗaura zare ya bi lungu yana kukan inji da bakinsa. Da ya yi wayo sai a ce masa wasa ya ƙare, ya jefar. To, a waɗansu ƙasashe ba a jefarwa. Can manyan mutane ne, likitoci da malamai da akawuna, su ke zama da dare bayan an tashi aiki suna ƙera 'yan ƙananan motoci, don su fitar da kamannin wata mota ta ainihi daidai wa daida, har in an ɗauki hoton 'yar a kasa bambanta ta da uwar. Wannan aiki mu ke so mu yi magana a kansa yau. Motar da muka zaɓa kuwa ita ce wadda duk muka sani, watau Peugeot 504 mai dogon baya, wadda mutanenmu ke kira Fijo wagon.

ASALIN MOTA MAI DOGON BAYA

A Amurka aka fara irin wannan mota. Sunan da suka ba ta ma'anarsa keken tasha, domin aikinta na fari shi ne ɗauko baƙi da akwatunansu daga tashar jirgin ƙasa zuwa masauki. Da katako a ke yin jikinta a lokacin. Cikin 1929 kamfanin Ford ya fara sayar da tasa, kuma yana da dazuzzuka nasa na kansa a jihar Mishigan inda a ke saro masa itace. Amma katako yana son hidima, rana ta fasa shi, ruwa ya ruɓar da shi, saboda haka bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma ƙarfe. Kamfanin Willys ya fitar da mai jikin ƙarfe zalla cikin 1946, Buick kuma ya yi ta ƙarshe mai katako na gaske a Amurka cikin 1953. Mutanen Ingila su ne suka daɗe ba su saki ba, gama Morris Minor Traveller mai haƙarƙarin katako ba a daina yin ta ba sai 1971.

Su kuwa 'yan ƙananan motoci, kamfanin Meccano na birnin Libaful ya fara fitar da nasa na ƙarfe, masu suna Dinky, cikin 1934. Daga baya aka shiga yin su da roba gunduwa-gunduwa a cikin kwali, mutum ya saya ya harhaɗa da gam. Cikin 1958 kamfanin AMT na Amurka ya kawo wata dabara: kwali ɗaya, amma da kayan da za ka iya haɗa motar iri uku, ko yadda ta fito daga masana'anta, ko ta tsere, ko wadda ka sāke wa kama yadda ranka ke so. Wannan ya ƙara yaɗa al'adar nan ta mutum ya mai da 'yar motar tasa ta kansa, wadda ba mai irinta.

ITA FIJO 504

An fara nuna 504 a Faransa cikin 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Mai dogon bayan ta biyo cikin 1971, akwai ta kaya, akwai kuma ta iyali mai kujera layi uku. Cikin 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka fara harhaɗa motocin Peugeot a unguwar Kakuri ta Kaduna. Turai ta daina yin motar shiga ta 504 cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har ta yi kimanin shekara 30 tana yi.

Ba sai mun gaya wa dattawan cikinmu abin da motar nan ta yi ba. Ita ce motar haya tsakanin Kano da Kaduna, da Sakkwato da Gusau, da Maraɗi da Damagaram. Ita ta kai ɗalibai makarantun kwana da akwatunansu na ƙarfe, ita ta kai amare, ita ta kai marasa lafiya asibiti. Yau fa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka gamu da ita ba, galibinsu suna bayan garejin makanikai, kaji na ƙwai a cikinsu, masu sayen tsohon ƙarfe na zagayawa. Nan gaba kaɗan yaro zai tambayi malaminsa yadda ta ke, malamin ya rasa abin nunawa.

LISSAFI KAFIN WUƘA

Abin da ya raba wannan aiki da motar kara shi ne ma'auni. Mai motar kara da ido ya ke awo. Mai wannan aiki kuwa tilas ya zaɓi lamba ɗaya ya raba kowane sashe na motar da ita, ba ya ƙetare ko da marfin tanki. Kamfanonin Faransa irin su Norev da Solido sun yi 'yan 504 a ma'aunin 1 bisa 43, amma wannan ya yi ƙanƙanta ga mai koyo, don motar duka ba ta fi santimita 11 da 'yan kai ba. Mu dai shawararmu a ɗauki 1 bisa 24, watau kowace ƙafa ɗaya ta uwar ta zama rabin inci a jikin 'yar.

Ga yadda lissafin ya ke. Tsawon Fijo mai dogon baya mita 4.80 ne, in an raba da 24 ya zama santimita 20 cif. Faɗinta mita 1.69, ya zama santimita 7. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kimanin mita 1.55, ya zama santimita 6 da rabi. Daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya mita 2.90, ya zama santimita 12 da milimita 1. Wilinta inci 14 ne, ya zama kusan santimita 1 da rabi, in an haɗa da taya kuma kimanin santimita 2.7.

A lura da wani abu a nan. Kada wani ya ce zai yi salun sa'an nan ya ɗora mata rufi har baya ya ce ya yi wagon. Salun tsawonta mita 4.49 ne, tsakanin tayoyinta kuma mita 2.74. Ashe ke nan wagon ta fi ta da santimita 16 tsakanin tayoyi, wanda a jikin 'yar ya zama kusan milimita 7. Abu ne kaɗan a rula, amma duk tsohon direba da ya ɗauki motar a hannu zai ce wannan ba ita ba ce, ko da ya kasa faɗin dalili.

Malamai su duba wannan kuma. Tsawo da 24 a ke raba shi, amma faɗin fili da 576, watau 24 sau 24, cikin abu kuma da 13,824. Motar da nauyinta ya kai kimanin kilo 1,300, in da za a ƙanƙantar da ita da ƙarfenta da injinta, ba za ta kai giram 100 ba. Yaron da ya auna wannan da hannunsa ya fahimci darasin fiye da wanda ya kwafe shi daga allo.

YADDA A KE AIKIN

Da fari a nemi uwar. A je garejin da wata ke kwance, a yi sallama da mai wurin a nemi izini, a auna ƙofofi da tagogi da fitilu da tef, a rubuta. In za a ɗauki hoto a ja da baya nesa, a tsaya daidai tsakiyarta, domin hoton kusa yana kumbura abin da ke gabansa ya tsuke gefe. Sa'an nan a zana ta a takarda mai gida-gida ta fuska huɗu: gefe, sama, gaba, baya.

Kayan aiki ba masu tsada ba ne: guntun katako mai laushi marar gaɓa, ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi, magagari, samfefa mai kaushi da mai laushi, almakashi, gwangwanin madara, siririyar waya, gam da fenti. A manna zanen gefe a jikin katakon a yanke bisa layi, a manna na sama a sāke yankewa. Wannan ya ba da gangar jiki daga ƙasa zuwa gindin tagogi. A rarake cikinta don wurin kujeru, a bar kauri kaɗan a bango. Rufi daban a ke yin sa da siririn katako, a tuna kuwa rufin wagon yakan ɗan tashi ta wajen baya. Ginshiƙan da ke riƙe da shi a yanko su daga gwangwani. Nan ne wurin haƙuri, gama kuskuren milimita 2 a hannunka daidai ya ke da kusan santimita 5 a jikin uwar.

Fuskar motar ita ce shaidarta. Fitilun gaban 504 ba zagayayyu ba ne, ba kuma murabba'i sosai ba, gefensu na sama a karkace ya ke, sai ka ce ido mai harara. In fitilun nan suka fita daidai, da zakin da ke tsakiyar hancinta, rabin aiki ya ƙare. Sitiyari kuwa a sa shi hagu, domin Nijeriya ta koma bin hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, tun kafin Kaduna ta fitar da ko ɗaya.

Gilashi daga farar roba mai haske a ke yanko shi. A nan za mu faɗi abin da ya same mu, don kada ya sami wani. Sa'ad da muka yi tamu, mun yi mako uku muna sassaƙa, ranar sa gilashi sai gaggawa ta kama mu, muka ɗauko gam ɗin nan mai kamawa nan take. Da gari ya waye sai muka tarar tururinsa ya bi tagogin duka ya mai da su fari fat, kamar motar ta kwana cikin hazo. Wajen ɓamɓare su ginshiƙi biyu suka karye, muka koma baya da aikin kwana huɗu. Farin gam na kafintoci shi ne na gilashi: yana jinkirin kamawa, amma in ya bushe ba a ganinsa.

Fenti ma haka. Katako yana shan fenti, saboda haka a fara shafa masa na share fage, a bari ya bushe, a goge da samfefa mai laushi, a maimaita har sawun itacen ya ɓace. Sa'an nan a shafa launi siriri-siriri sau uku ko huɗu. Wanda ya lafta shi sau ɗaya don ya huta, ya cike layin ƙofofi, motar ta fito kamar an tsoma ta a kunu.

MAI DA ITA TAKA

To, yanzu ga mota ta tsaya bisa ƙafafunta, sabuwa ƙal. Waɗansu a nan su ke tsayawa, ba kuwa laifi. Amma mu ba sabuwa muka fi sani ba, wadda muka sani ita ce ta tasha. Wanda ke son ya fitar da ita sai ya lanƙwasa waya ya yi mata kariya a rufi, ya ɗinka 'yan buhuna da tsumma, kowanne kimanin santimita 4, ya ɗaure su da zaren ɗinki a madadin igiya. Ya ɗora tabarma naɗaɗɗiya da jarka da safayar taya. Ya sassauko da bayanta milimita 2 ko 3, don ba a taɓa ganin wagon da lodi tana tsaye sak ba. Ya tankaɗe jar ƙasa ya shafa da busasshen buroshi a gindin ƙofofi da bayan tayoyi. In ya so ya yi wa ƙofa ɗaya wani launi dabam, alamar an taɓa canza ta, ya rubuta lamba mai KD ko KN irin ta da, da 'yar addu'ar da direbobi kan rubuta a gilashin baya.

Sharaɗi ɗaya ne: kome za a ƙara, ya zama yana da dalili. Tsatsa inda ruwa ke kwanciya ta ke fita, ƙura inda taya ke watsa ta, fenti kuma inda hannu ke yawan taɓawa ya ke goguwa. Wanda ya watsa datti ko'ina don a ce tsohuwa ce, ɓata aikinsa ya yi. Wanda ya manta yadda ta ke kuwa, ya je tasha ya zauna da tsofaffin direbobi da 'yan kamasho, zai sha labari har ya gaji.

ABIN DA MU KE ROƘO

Muna jin wani zai ce, ina amfanin babban mutum ya zauna yana wasan yara? Amsarmu ita ce, wanda ya gama wannan aiki ya koyi awo, ya koyi zane, ya koyi rabawa da ninkawa, ya koyi riƙe wuƙa da haƙurin jiran fenti. Masu tsara motoci na gaske ma har yau sukan fara fitar da siffar mota da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. Yaron nan da ke jan motar langa-langa a bayan makaranta ya riga ya nuna yana da ido da hannu, abin da ya rage masa rula ce da wanda zai nuna masa amfaninta. In ba a nuna masa ba, sai ya girma yana ganin ƙira aikin waɗansu mutane ne na wata ƙasa, nasa dai ya saya. Icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantu su gwada wannan ko da sau ɗaya a zango, su raba yara ƙungiya-ƙungiya, waɗansu su auno, waɗansu su yi lissafi, waɗansu su sassaƙa. Akawuna da sauran ma'aikata kuma, maimakon hirar dare ta tafi a banza, ga abin yi tare da 'ya'yanku. A hanzarta auno uwar tun tana nan, gama masu sayen tsohon ƙarfe ba su jira. Wanda ya gama tasa ya aiko mana da hotonta da bayanin yadda ya yi, da kuskuren da ya gamu da shi, don 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, amin.